Wanda Ya Yi Shanya Shi Ke Kwashewa: Fayilolin Wucin Gadi da Alhakin Masu Gina Manhaja

Duk mai riƙe da wayar Android mai ma'adanar 16GB ko 32GB ya san saƙon nan da ke fitowa a saman fuskar waya, mai cewa "Storage space running out". Daga nan sai kyamara ta ƙi ɗaukar hoto, WhatsApp ya ƙi sauke saƙon murya, sabunta manhaja kuma ya gagara. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su shiga cikin hotunansu su fara goge-goge: hotunan biki, bidiyon suna, karatun da aka turo tun bara. Bayan mako biyu saƙon ya sake dawowa. A ƙarshe mai wayar ya yanke hukuncin cewa shi ne mai yawan tara kaya, ko kuma wayar ce ta yi masa kaɗan, ya fara tunanin sayen wata.

Sai dai wani kaso na abin da ya cinye ma'adanar nan ba mai wayar ne ya ajiye shi ba, bai ma san da zamansa ba. Fayiloli ne da manhajoji suka ƙirƙira domin aikin minti ɗaya, aikin ya ƙare, su kuma aka bar su a nan. Share irin waɗannan fayiloli aikin wanda ya gina manhajar ne. A gari irin Haɗeja, inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, sabis ke yankewa a tsakiyar aiki, kuma kwamfuta ɗaya a shago take ganin takardun mutane da yawa a yini guda, sakaci da wannan aiki ya kai matsayin cin amana.

Mene ne fayil na wucin gadi?

Manhaja tana gudanar da aikinta ne a cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta waya ko kwamfuta. RAM tana da sauri, amma ƙarama ce, kuma da zarar an kashe na'ura ta manta komai. Idan aikin ya fi ƙarfinta, ko kuma ana buƙatar miƙa shi ga wata manhajar, sai a rubuta shi a ma'adana na ɗan lokaci. Abin da aka rubuta ɗin shi ne fayil na wucin gadi.

Mai karatu yana haɗuwa da su kullum. Idan ana sauke abu da Chrome a kwamfuta, fayil ɗin yana zama da wutsiyar .crdownload har sai ya gama sauka, sannan ya koma sunansa na gaskiya. Idan aka buɗe takarda a Microsoft Word, wani ƙaramin ɓoyayyen fayil mai farawa da alamar ~$ yana fitowa kusa da ita, ya ɓace idan an rufe ta. Idan manhaja za ta matse bidiyo kafin ta tura shi, sai ta fara rubuta matsattsen kwafin a wani wuri. Hatta Status ɗin WhatsApp da ake kallo, sai ya sauka a wata ɓoyayyar folda mai suna .Statuses, kuma daga nan ne manhajojin adana Status ke kwaso shi.

Masu noman shinkafa a fadamar Haɗeja za su fi kowa gane wannan. Akwai wurin shanya, akwai rumbu. Wurin shanya na yini ɗaya ne ko biyu, wanda ya baza shi ne zai kwashe kafin dare. Kuskure biyu ne ke iya faruwa: mutum ya yi shanya ya tafi ya bar ta ta tare wa kowa hanya, ko kuma ya mayar da wurin shanya rumbunsa, ruwan sama ya zo ya tafi da amfanin shekara. Duka kurakuran biyu suna faruwa a gina manhaja.

Yadda yarukan gina manhaja suka tanadi abin

Babu wani babban yaren gina manhaja da bai tanadi hanyar yin wannan aiki daidai ba, don haka uzurin rashin kayan aiki bai taso ba.

A Python akwai kundin tempfile. Idan aka buɗe fayil da TemporaryFile a cikin jimlar with, to da zarar aikin da ke cikin jimlar ya ƙare fayil ɗin zai gogu da kansa, ko da an samu kuskure a tsakiya. TemporaryDirectory ma haka take yi da folda sukutum da abin da ke cikinta. Akwai kuma mkstemp, wanda ke ƙirƙirar fayil da babu mai iya karanta shi sai wanda ya ƙirƙire shi, amma gogewa tana wuyan maginin manhaja. Tsohuwar hanya mai suna mktemp kuwa, tun a Python 2.3 na shekarar 2003 aka ce a daina amfani da ita. Dalili shi ne suna kawai take bayarwa, ba ta buɗe fayil ɗin. Tsakanin karɓar sunan da buɗewa, wata muguwar manhaja za ta iya riga mutum ta ƙirƙiri fayil da sunan, ta karanta duk abin da aka zuba a ciki.

Inda masu koyo suka fi faɗawa shi ne NamedTemporaryFile. A kan Windows, sake buɗe irin wannan fayil alhali yana buɗe yana jawo matsala. Sai mai koyo ya bincika intanet, ya ga an ce ya rubuta delete=False, ya rubuta, matsalar ta tafi. Abin da bai lura da shi ba shi ne, ya gaya wa Python kada ta goge fayil ɗin, shi kuma bai rubuta layin da zai goge ba. Sai a watan Oktoban 2023 Python 3.12 ta zo da zaɓin delete_on_close domin sauƙaƙa wannan yanayi, amma tsofaffin amsoshin suna nan a intanet ana ta kwafarsu.

A Java da Kotlin, waɗanda ake gina yawancin manhajojin Android da su, akwai createTempFile na ƙirƙira, da deleteOnExit mai alkawarin gogewa idan manhaja ta rufe. Alkawarin yana cika ne kawai idan ta rufe lami lafiya. Bayanan jagora na Android sun yi gargaɗi ƙarara cewa a waya ba za a dogara da shi ba, domin Android kashe manhaja take yi kai tsaye idan tana buƙatar RAM. A waya mai RAM 1GB ko 2GB, irin ƙananan itel da Tecno da suka cika hannun matasa, wannan kisa abu ne na yau da kullum. Android ta kuma ba kowace manhaja taskarta ta wucin gadi, wadda ake kira cacheDir. Babbar manhajar za ta iya share ta idan wuri ya yi ƙaranci, amma Google da kansa ya ce kada magini ya jira hakan, ya riƙa kula da taskarsa. Daga Android 8.0 na 2017 ma manhaja za ta iya tambayar iyakar wurin da aka ware mata.

A PHP, wanda shafukan rajista da yawa ke amfani da shi, duk hoton da aka ɗora yana fara sauka a foldar wucin gadi ta uwar garke, kuma yana gogewa da kansa idan ba a matsar da shi ba kafin buƙatar ta ƙare. Tsarin yana da kyau. Ɓarnar tana farawa ne idan magini ya matsar da hoton zuwa foldar da kowa ke iya gani a intanet da niyyar "na ɗan lokaci", ya sa masa suna mai sauƙin cinka kamar 1.jpg da 2.jpg, sannan ya manta. Duk wanda ya gane tsarin sunayen zai iya bin lambobin ɗaya bayan ɗaya yana kallon hotunan mutane.

Me ya sa lamarin ya fi tsanani a nan?

Jimlar with a Python da finally a Java suna aiki ne idan manhaja ta samu damar kammala numfashinta. Idan wutar KEDCO ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare alhali kwamfutar shago ba ta da batir, babu layin da zai sake gudana. Fayil ɗin zai zauna inda yake. Haka nan idan sabis ya yanke wa mai sauke bidiyo a wani ƙauye na Guri ko Kirikasamma, rabin fayil ne zai rage, ya sake gwadawa a samu wani rabin. Wanda ya gina manhaja a ofis mai wuta dare da rana da intanet mai ƙarfi ba zai taɓa ganin wannan a gwajinsa ba. Wanda ya tashi a Haɗeja ba shi da wannan uzurin.

Mutanen yankin sun san yadda ƙaramin abu ke toshe babbar hanya. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudun kogin Haɗeja ya canja, ruwa ya riƙa zama a wasu wurare duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin yaɗuwa. Kara ɗaya na kachala bai isa ya tare komai ba. Da ta taru sai ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya juya ya shiga gonaki, masunta su rasa hanyar kwalekwale, gwamnati da jama'a su yi ta kashe kuɗi da ƙarfi wajen yasa. Fayilolin da manhajoji ke bari haka suke taruwa, kowanne bai kai a damu da shi ba, har ranar da waya za ta ƙi ɗaukar hoton rasit.

Abin sha'awa shi ne, fayil na wucin gadi shi ne kuma maganin ɗaukewar wuta idan an iya amfani da shi. A ce manhajar lissafin wani dillalin riɗi ko kifi tana rubuta sabon lissafi kai tsaye a kan tsohon fayil, sai wuta ta ɗauke a tsakiya. Tsohon ya lalace, sabon bai kammala ba, bashin da ake bin mutane ya bi ruwa. Hanyar ƙwararru ita ce a rubuta sabon a fayil na wucin gadi a cikin folda ɗaya da tsohon, a tabbatar ya sauka a ma'adana, sannan a canja masa suna ya maye gurbin tsohon a taki ɗaya. A Python os.replace ke yin wannan. Ko yaushe wuta ta ɗauke, ɗaya daga cikin biyun yana nan lafiya.

Takardun mutane da ke kwana a shaguna

Cikar ma'adana takaici ne kawai. Babban haɗarin yana wajen bayanan sirri.

Tun daga watan Disambar 2020 da gwamnatin tarayya ta ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN, da kuma 2021 da JAMB ta wajabta NIN ga masu rajistar jarabawa, shagunan kwamfuta suka zama wurin da takardun shaida ke wucewa ba ƙaƙƙautawa. Ɗalibi mai neman gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa zai kai takardar NIN, da sakamakon jarabawa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da hoton fasfo. A yi sikanin, a rage girma, a ɗora, ya biya ya tafi. A ganinsa an gama. A cikin kwamfutar kuwa akwai kwafi a foldar na'urar sikanin, wani a foldar Downloads, mai yiwuwa wani a foldar Temp ta Windows, ga kuma wanda ya tura ta WhatsApp ɗin mai shago. Ko an danna gogewa, fayil ɗin Recycle Bin yake tafiya. Ko an share can, a tsofaffin ma'adanan kwamfuta manhajar dawo da fayiloli za ta iya tono shi muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Idan kwamfutar ta lalace aka kai gyara, ko aka sayar da ita, takardun suna bin ta.

Wanda ya samu sunan mutum, da ranar haihuwarsa, da NIN, da hotonsa a wuri guda, ya samu kayan aikin sojan gona. Doka ma ta san da haka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ce a sashe na 24 kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙata domin abin da aka karɓe su. Kafin ita, hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a watan Janairun 2019, kuma wanda aka naɗa shugaban hukumar a watan Agustan wannan shekarar, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. Kwafin NIN da ya kwana shekara a foldar wucin gadi ya saɓa wa manufar wannan doka, ko da babu wanda ya yi niyyar cutarwa. Masu shirya horon fasahar zamani ga matasa, irin shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023, ya kamata su koyar da share fayil a ranar da suka koyar da ƙirƙirarsa.

Kuskure na biyu: mayar da wurin shanya rumbu

A watan Oktoban 2011 Apple ya fitar da iOS 5, wanda ya fara share taskokin wucin gadi na manhajoji idan wuri ya yi ƙaranci a iPhone. Marco Arment, wanda ya gina Instapaper, manhajar da ke adana rubuce-rubuce domin karantawa ba intanet, ya fito ya koka cewa mutum zai iya adana abin karatunsa, ya hau jirgi, ya tarar wayar ta share komai. Sai da Apple ya fito da gyara a iOS 5.0.1, ya ba magina hanyar nuna fayilolin da ba a so a taɓa.

A ɗauko wannan darasi zuwa gida. Ambaliyar 2022 ta yi mummunar ɓarna a Jihar Jigawa, kuma bayan irin wannan iftila'i akan bi ƙauyuka ana rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, sau da yawa a wuraren da babu sabis. A ƙaddara wani matashi ya gina manhajar wannan aiki, ya sa ta riƙa ajiye sunayen a taskar wucin gadi kafin a samu sabis a tura. Ma'aikaci ya yini yana shiga ruwa yana rajista, hotuna suka cika wayar, Android ta share taskar domin samar da wuri. A wajen Android ta yi daidai, domin an gaya mata abin da ke nan ba shi da muhimmanci. Gidajen da aka rubuta kuwa sun fita daga jerin masu samun tallafi ba tare da kowa ya sani ba. Duk abin da ba za a iya sake samo shi ba idan ya ɓace, wurinsa ma'adanar dindindin ta manhaja.

Hujjojin masu ganin ba haka ba

Wani zai ce taskar wucin gadi tana rage cin data, domin hoton da aka taɓa saukewa ba sai an sake sauke shi ba. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi, musamman bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025. Manhajar da ke share komai kowane minti za ta cinye wa talaka data. Amma amsar ita ce a sa iyaka da wa'adi: taskar kada ta wuce girma kaza, abin da ya daɗe ba a buɗe ba shi zai fara fita. Abin da ake ƙi shi ne taskar da ba ta da ƙofar fita.

Wani kuma zai ce ai akwai manhajojin share shara, mai waya ya sauke ɗaya ya huta. A nan akwai matsala biyu. Ta farko, da yawansu talla suke sayarwa. A watan Fabrairun 2020 Google ya cire kusan manhajoji 600 daga Play Store saboda tallan da ke damun mutane, ciki har da na kamfanin Cheetah Mobile mai Clean Master. Ta biyu, baƙo bai san kan gida ba. Android ba ta barin wata manhaja ta shiga ma'adanar sirri ta wata, kuma daga Android 11 na 2020 ta ƙara toshe ƙofofin da suka rage. A kwamfuta inda ƙofa take buɗe, mai sharar zai iya yin ɓarna. SQLite, rumbun bayanan da ke cikin kowace wayar Android da manhajojin kwamfuta masu yawa, yana rubuta wani ɗan fayil na gefe yayin da yake canja bayanai. Idan wuta ta ɗauke, da wannan fayil yake gyara kansa. Wanda ya gan shi ya ɗauka shara ce ya goge, zai iya lalata rumbun gaba ɗaya. Wanda ya ƙirƙiri fayil ne kaɗai ya san lokacin da aikinsa ya ƙare.

Abin da ya kamata a yi

Ga mai gina manhaja, ya bar yaren ya zaɓa masa suna da wurin fayil, kada ya ƙirƙira da hannu. Ya rubuta layin gogewa a lokacin da ya rubuta na ƙirƙira. Ya sa manhajar ta duba foldarta duk lokacin da ta tashi, ta share ragowar da ɗaukewar wuta ta bari. Fayil mai ɗauke da takardar shaida ya gogu da zarar an gama tura shi. Sannan ya gwada aikinsa a ƙaramar wayar da ma'adanarta ta kusa cika, ya kashe data a tsakiyar saukewa, ya zare wa kwamfuta wuta a tsakiyar adanawa, ya ga abin da ya rage.

Ga mai shagon kwamfuta, ya ware folda ɗaya ta takardun kwastomomi, ya share ta kullum kafin ya rufe shago, har da Recycle Bin da saƙonnin da aka turo masa ta WhatsApp. Windows 10 da 11 suna da Storage Sense, wanda idan aka kunna shi yana share fayilolin wucin gadi da kansa.

Ga mai waya, kafin ya taɓa hotunan iyalinsa, ya shiga Settings, ya buɗe jerin manhajoji, ya duba wadda ta fi cin wuri. Maɓallin "Clear cache" yana share taskar wucin gadi ne kawai. Na kusa da shi, "Clear data" ko "Clear storage", yana mayar da manhaja kamar yau aka sauke ta, kuma a WhatsApp zai iya tafiya da hirarrakin da ba a yi wa ajiya ba. A cikin WhatsApp ɗin akwai "Manage storage" mai nuna manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa. Idan kuma ya je shago da takardar NIN, yana da haƙƙin ya tsaya a goge kwafin a gabansa kafin ya fita. Manhajar da taskarta ke komawa ɗaruruwan megabait kwana kaɗan bayan an share, ya rubuta hakan a wurin sharhi na Play Store da sunan wayarsa da girman ma'adanarta, domin can ne magina ke dubawa.